Neman madubin bindigar iska mai sauƙin kuɗi, daga kaka zuwa bakin azumi

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

To bismillah. Zan riƙa ajiye bayanin nan kaɗan-kaɗan saboda masu tambayata, kuma ni kaina kar lissafi ya ɓace min. Aikin dai shi ne in samo madubin da zan ɗora wa bindigar iskata, wanda zai yi aiki tsakani da Allah kuma ba zai cinye min kuɗin noman bana ba. Bindigar tsohuwar 'yar Jamus ce, irin mai karyewa a tsakiya ɗin nan da ake danne bututun ƙasa a ɗana sifirin, bakinta milimita 4.5, wato .177 kamar yadda aka buga a jikinta. Takarda nake harbi da ita, ba kurciya ba ba gafiya ba, takarda kawai da baƙin ɗigo a tsakiya.

Kafin wani ya taso min da wa'azi, tana da lasisi. Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska kayan wasan yara ce, alhali a Dokar Makamai ta 1959 tana cikin jerin bindigogin da sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe su, rukuni ɗaya da na farauta. Duk wanda bai da takarda ya fara da wannan tukunna, maganar madubi ta biyo baya.

Dalilin neman madubin kuwa ido ne. Saitin ƙarfe yana so ido ya riƙe abu uku lokaci guda, tsagin baya da ƙusar gaba da ita takardar can nesa, kuma in mutum ya haura 45 idon nan ba ya saurin tsallakawa daga kusa zuwa nesa kamar da, in na ga ƙusar tar sai ɗigon ya narke, in na ga ɗigon sai tsagin ya zama hayaƙi. Madubi yana kawo giciyen da ke cikinsa, wato layuka biyun da ake saiti da su, da takardar wuri ɗaya, ido ya huta.

Filin harbin namu tsohon rami ne da masu aikin titi suka ɗebi ƙasa a bayan gonarmu, nan ƙasar Taura, gaɓarsa doguwa ce kuma ƙasa ce mai laushi, duk abin da ya wuce takarda a cikinta yake nutsewa. Na auna da tef ɗin magina na kafa turaku a mita 10, 25 da 40. Mai unguwa ya san da zaman wurin, kuma in za mu fara muna ɗaura jan ƙyalle a kan gora. Kuɗin da na ware dubu 150 ne, madubi da mariƙinsa duka, ko kwabo ba zan ƙara ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kai riɗi Gujungu, kuɗin aiki ya shigo hannu. A hanyar dawowa ɗan kawuna ya tare ni da wani madubi a kwali, wai a cikin kayan gwanjo ya tsinto shi dubu 35. Ya ce "Yaya ka gwada kawai, in ya yi maka ka ba ni kuɗina, in bai yi ba babu komai." Abu ne zabgege, an rubuta 6-24x50, da maɓallin da ke kunna giciyen ja ko kore, har da 'yar tocila a gefe, an kuma buga masa sunan wani babban kamfanin Amurka amma harafi ɗaya ya karkace kuma babu lambar siriyal ko'ina a jikinsa.

Ga wanda bai saba da lambobin ba, 6-24 na nufin yana kusanto da abu daga ninki 6 zuwa ninki 24, shi kuma 50 faɗin gilashin gaba ne a milimita. A ninki 6 ba laifi, ana gani. Da na murɗa zum ɗin ya wuce 16 sai hoton ya yi fari-fari, gefensa ya yi shuɗi, kuma in ka ɗan motsa kai kaɗan sai komai ya yi baƙi ƙirin. Na dai ɗaura shi da zobbansa guda biyu, ranar Asabar za mu ga abin da takarda za ta ce.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Madubin gwanjon nan bai kai la'asar ba. Da farko ramukan sun ɗan taru a mita 25, har ɗan kawun nawa ya fara murmushi, can sai suka fara tafiya dama, na dawo da su, suka gangara ƙasa, daga nan kowace ƙwayar dalma, wato harsashin bindigar, ta kama gabanta. Da na cire shi na girgiza a kunne sai na ji wani abu yana ƙwar-ƙwar a ciki, giciyen kuma ya kwanta gefe guda. Su ma zobban sun zame baya kusan santimita ɗaya, sun kankare fentin bindigar.

Saja yana wurin, tsohon sojan garinmu da yake zuwa ya zauna a inuwa yana kallonmu. Ya ce "Malam wannan 'yar bindigar taka da ko ƙara ba ta yi ita ce ta kashe madubi? Mu da muka riƙe manya?" Na ce ranka ya daɗe ai a nan abin yake. Bindiga mai albarushi baya kawai take tokara, sau ɗaya, kuma yawancin madubai don wannan tokarin aka ɗaure gilasansu. Ita mai sifirin sau biyu take yi. In ka ja kunama fistin ya yi gaba da gudu, bindigar ta yi baya, sai fistin ɗin ya je ya daki iskar da ya matse a ƙarshen silinda ya tsaya cak, bindigar ta fizgo gaba, ga kuma karkarwar sifirin ɗin a bayan haka. Kamar kana tsaye a bayan a-kori-kura direba ya figa da ƙarfi nan take kuma ya take burki. Duk gilashin da ba a tokare shi ta fuska biyu ba sai ya saki. Shi ya sa har madubi mai tsada na babbar bindiga yana iya mutuwa a kan mai sifirin in ba don ita aka yi shi ba, masu bindigar iska irin wadda ake cika wa iska da famfo su ba ruwansu da wannan matsalar don tasu kusan ba ta motsi.

Saja ya jinjina kai ya ce shi dai bai yarda ba sai ya harba, na ba shi, ya harba, ya ce "lallai tana da ɗan hali." Ɗan kawu kuma na ba shi dubu 10 na rage asara, ya ce zai cire tocilar ya riƙa zuwa bayan gida da ita.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Satin nan ban yi harbi ba, karatu na yi da lissafi, data ta sha wuya. Ga inda na tsaya.

Zum ba shi ne gaba ba. Akwai lissafi mai sauƙi, ka raba faɗin gilashin gaba da ninkin zum, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka. 50 raba 24 bai fi milimita 2 da ɗan kai ba, shi ya sa na gwanjon nan yake baƙi da an motsa kai. Amma 40 raba 9 ya ba da 4.4, a ninki 6 kuma kusan 6.7, ido yana samun wurin zama. Ƙwayar idon mutum da rana tsakanin milimita 2 zuwa 3 take, ka ga 4.4 ya wadatar har da canji. Ban da haka babban zum yana nuna maka rawar hannunka da bugun zuciyarka, sai ka kama kokawa da giciye maimakon ka ja kunama lafiya. Masu buƙatar ninki 24 zuwa sama su ne masu gasar harbin ƙarafa a daji da aka faro a Ingila farkon shekarun 1980, don su da madubin suke auna nisa, kuma nasu madubin kuɗinsa ya fi na babur. Ni da na san nisana da tef me zan yi da shi. Abin dariya ma, 'yan gasar Olamfik na mita 10 ba a yarda su sa madubi mai zum ba sam, kuma ɗigon maki 10 ɗinsu rabin milimita ne. Amma su yara ne masu ido.

Abin da ba zan yi sulhu a kansa ba shi ne zoben gaba mai juyawa, wanda ake rubuta wa AO. Madubin babbar bindiga yawanci an ƙulle shi ne a yadi 100, wato wajen mita 91. In ka kalli takarda a mita 10 ko 25 da shi, hoton takardar da giciyen ba sa faɗawa wuri ɗaya a cikin bututun, sai ya zama in kuncinka ya ɗan sauka ko ya ɗan hau giciyen ya yi yawo a kan ɗigon alhali bindigar ba ta motsa ba. Wannan shi ne faralas, kuma shi ke sa mutum ya yi ta zargin hannunsa a banza. Mai AO kana murɗa shi zuwa nisan da kake harbi, yawon ya tsaya. Dole lambobin zoben su sauko har yadi 10.

Sai giciye. Akwai na waya siririya da aka ɗaure a ciki, akwai wanda aka zana a jikin gilashi. Na gilashin ya fi jure fizgar sifirin, in na samu shi nake so, mai ɗigo-ɗigo a jikin layin don in riƙa ɗaga saiti a mita 40 ba sai na taɓa maɓalli ba. Wuta ja da kore ba na so, da rana nake harbi, kuɗin batir ne kawai da ƙarin abin lalacewa. Kaurin bututu inci 1 ya isa, wato milimita 25.4, na milimita 30 ya fi tsada shi da zobbansa kuma ba zai ƙara min komai a mita 25 ba.

Sunayen da suke ta maimaituwa a bakin masu bindigar sifirin su ne Hawke na Ingila, UTG na kamfanin Leapers a Amurka, da Nikko Stirling. Vortex ma ana yabon garantinsu na har abada, to amma garanti sai ka iya mayar da kaya can, daga Jigawa kuɗin aike ya isa ya sayi wani. Kuma da dala ta haura naira 1,600 a Nuwamban 2024 ɗin nan sabo dal a kwali ya fi ƙarfin dubu 150 ɗina in an haɗa da mariƙi. Saboda haka na hannu zan nema, 3-9x40 mai AO, na gaske ba jabu ba. Araha ba ta ado, na sani, amma tsakanin na gwanjo da na masu kuɗi akwai fili babba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Babu harbi. An gama kwashe amfanin gona, makiyaya sun shigo cin kara, shanu har bakin ramin da yara biyu a bayansu. Na je mun gaisa da babbansu, ya ce kwana kaɗan za su yi su yi gaba. Bindiga ta koma akwati da kwaɗo.

Asabar, 14 ga Disamba

Kano. Ƙanena da ke zaune can ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikaci, da ya daina harbi saboda ciwon kafaɗa yana so ya rabu da madubinsa. Na sauka Yankaba na hau adaidaita zuwa gidansa. Hawke Vantage ne 3-9x40 mai AO, da kwalinsa da takardarsa da murafunsa biyu, akwai ɗan sawun zobe a jikin bututun amma bai lotsa ba.

Na ce "Baba ka yi haƙuri zan ɗan wahalar da kai da dube-dube." Ya ce "yaro duba, wanda bai duba ba shi ke dawowa da rigima." Na fara da girgizawa a kunne, shiru. Na haska tocilar waya ta gilashin gaba ina neman ƙura ko tsatsa ko danshi a ciki, don waɗannan madubai ana cika su da iskar naitirojin a toshe, in ka ga hazo a ciki to toshiyar ta fashe, kar ka saya ko nawa ne. Tsaf yake. Na kalli farin bango na murɗa zoben ido har giciyen ya fito baƙi siɗik, a nan dabarar ita ce ka riƙa kallo kana kau da kai, in ka zuba ido ya daɗe idon da kansa zai gyara ya ruɗe ka. Sannan na aza madubin a kan taga na saita shi da wata eriya a gidan maƙwabta, na murɗa zum daga 3 zuwa 9 na dawo, giciyen bai bar kan eriyar ba. Na murɗa AO ina kaɗa kai sama da ƙasa har na sami inda giciyen ya daina yawo.

Na ƙarshe shi ne maɓallan saiti, na sama da na gefe. Na murɗa kowanne a hankali har ƙarshe na dawo ɗaya ƙarshen ina saurare, kilik ɗin yana fita ƙas-ƙas babu inda ya yi laushi ko ya tsallake. Daga nan na roƙi madubin fuska a cikin gida, na manna gilashin gaba a jikinsa na leƙa, za ka ga giciye biyu, na gaske da inuwarsa, ka yi ta murɗawa har su hau kan juna, to madubin ya dawo tsakiyarsa kenan. Dattijon ya ce shi bai taɓa ganin wannan ba, ya kira jikansa ya zo ya gani.

Ya sa dubu 130, na taya 95, muka yi ta ja cikin raha har aka kawo shayi, aka tsaya a 110. Ya so ya ba ni zobbansa kyauta amma na faɗin milimita 21 ne irin mai tsani-tsani, ita kuwa tawa tsagi biyu ne a saman silinda masu tazarar milimita 11, ba za su hau ba. Mariƙin da nake so na samu wajen wani mai sayar da kayan, guda ɗaya ne dunƙulalle ba zobba biyu a rabe ba, noti huɗu a gefe, da 'yar ƙusar burki a ƙasa da ke faɗawa ramin da ke saman bindigar. Dubu 28. Na ji zafinsu amma na tuna yadda na gwanjo ya zame.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ɗaurawa. Na goge tsagin da fetur kaɗan a tsumma don maiƙo ya fita, na zaunar da ƙusar burki a raminta, na ɗaure. Na sa madubin sako-sako tukunna, na rufe ido na ɗora kunci yadda na saba, na buɗe, na yi ta matsar da shi gaba da baya har hoton ya cika da'ira babu baƙi a gefe, tazarar ido da gilashi ta kama wajen santimita 8 zuwa 9. Don giciyen ya miƙe na rataya zare da dutse a reshen maina na daidaita layin tsaye da shi. Notocin zobe da ɗan guntun gefen alanki na ɗaure su, bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don in ka sa ƙarfi za ka matse bututun ka kashe abin da ka saya da kuɗinka.

Sai ga matsala. A mita 25 ramukan sun taru da kyau amma santimita 18 ƙasa da ɗigon. Wannan ba laifin madubi ba ne, halin bindiga mai karyewa ne, da yawansu bututun yana ɗan sunkuyawa ƙasa in an gwada shi da silindar. Da saitin ƙarfe ba ka sani don shi a kan bututun yake zaune, su sunkuya tare, shi kuwa madubi a kan silinda yake.

A jikin maɓallin an rubuta kilik ɗaya 1/4 MOA. MOA ma'aunin kusurwa ne, ɗaya kusan milimita 29 ne a mita 100, to a mita 25 ya zama 7.3, kwatansa kuma 1.8. Santimita 18 kenan kilik kusan 100. Zai iya yiwuwa maɓallin ya kai, amma in ka murɗa sama da yawa haka ɗan sifirin ɗin da ke tokare bututun ciki yana sakin jiki, saiti ya riƙa yawo, kuma a kan bindigar da ke fizga nan ne madubi ke saurin mutuwa. Akwai mariƙi mai gangare da aka yi don wannan, babu shi a kusa kuma kuɗi sun ƙare. Sai na yanko 'yar roba daga gorar ruwa, na haɗa biyu kaurinsu ya kai wajen rabin milimita, na shimfiɗa a cikin zoben baya ƙarƙashin madubin. Lissafinsa, tsakanin zobban santimita 10 ne, rabin milimita a santimita 10 daidai yake da santimita 12.5 a mita 25. Kar a wuce rabin milimita ɗin nan, in ya yi yawa bututun ne zai lanƙwashe. Na sake harbawa, saura santimita 5 da rabi. Magariba ta yi, na tattara.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Kilik 30 sama, 6 hagu, ya zauna a ɗigo. Alhamdulillahi.

Sai gwajin da nake ta jira, wanda shi ne zai nuna ko dubu 110 ta tafi a banza. Na aza bindigar a buhun yashi da tsumma a kai, duk harbin a ɗigo ɗaya nake saiti ba na canzawa. Biyar a tsakiya. Kilik 20 sama, biyar. 20 dama, biyar. 20 ƙasa, biyar. 20 hagu, biyar na ƙarshe. In madubi na da gaskiya ramukan za su zana murabba'i mai gefe wajen milimita 36, kuma biyar ɗin ƙarshe su faɗa kan na farko. Na sa rula, gefen sun kama tsakanin 35 da 38, na ƙarshen kuma sun shige cikin na farko har ba ka bambance su. Saja ya karɓi takardar ya ɗaga ta a rana ya ce "Malam wannan kam ya ci kuɗinsa." Na ɗiga farin fenti a inda mariƙin ya haɗu da silinda da inda zobe ya haɗu da madubi, in wani abu ya zame zan gani da ido.

Asabar, 18 ga Janairu

Hunturu ya kankama, hazo har ba ka ganin kukar bakin hanya. Yanzu da an idar da asuba gari ya ɗan waye nake fita, don daga hantsi iskar arewa maso gabas take tasowa, kuma ƙwayar da nauyinta ya ɗan haura rabin giram kawai iska kaɗan ta ishe ta, na ga ta kauce santimita 2 zuwa 3 a mita 25 ranar da iskar ke bugowa ta gefe. Na soke tsinke da zaren buhu a tsakiyar fili ina kallonsa, in ya kwanta in harba in ya tashi in jira.

Ƙura ita ce abokiyar gaban gilashi. Don Allah kar wanda ya goge da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, tana kankare rufin da aka shafa wa gilashin kuma in ya tafi ya tafi. Na sayi 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran waya, in hure tukunna, sannan tsumman tabarau a hankali. Murafu kuma kullum a rufe sai lokacin harbi.

Wani abu da madubin ya tona min shi ne bambancin ƙwayoyin dalma. Da saitin ƙarfe duk ɗaya nake ganinsu. Na gwangwanin kasuwa marasa suna, in ka zuba a tafin hannu za ka ga wasu bakin siket ɗinsu, wato gindinsu mai rami, ya lotsa, suna ba ni faɗin santimita 4 zuwa 5 a mita 25, kuma ba a rasa guda da za ta yi nata wuri. Ragowar gwangwanin JSB Exact da dattijon Kano ya haɗa min da shi, 'yan ƙasar Cek masu nauyin giram 0.547, sun sauko da shi ƙasa da santimita 2. Bindiga ɗaya, madubi ɗaya, hannu ɗaya. Da na san wani zai sayi madubi gobe zan ce ya rage dubu 15 a kuɗin ya sayi ƙwaya mai kyau.

Riƙo ma haka. Mai sifirin ba ta son a shaƙe ta, ƙwayar tana cikin bututu lokacin da bindigar ke motsi, saboda haka sai ka bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kowane harbi. Tafin hannu a buɗe a ƙarƙashinta, wuri ɗaya kullum, kafaɗa ta taɓa kawai. In na aza katakon kai tsaye a kan abu mai tauri ramukan watsewa suke. Saja har yanzu yana cewa wannan riƙon 'yan gayu ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau iska ta yi mana mutunci, na auna faɗuwar ƙwaya a nisa daban-daban, saiti yana nan a mita 25 ban taɓa maɓalli ba, AO kawai nake murɗawa. A mita 10 tana bugawa ƙasa da ɗigo da santimita 1 da ɗan kai, wanda ya ba yaran da ke kallo mamaki, wai ya za a yi kusa ta fi faɗuwa. Dalilin shi ne madubin yana sama da bututu da wajen santimita 4 da rabi, ƙwayar daga ƙasa take tasowa tana hawa zuwa layin ido, a mita 10 ba ta gama isowa ba. Daga 15 zuwa 30 duk tana cikin santimita ɗaya, ba sai ka yi tunani ba. A 35 ta sauka 2, a 40 ta sauka wajen 4. Na rubuta a 'yar takarda na manne da salatif a cikin murfin baya. Ɗigogin jikin giciyen kuma a lura, a irin wannan madubin in ka canza zum tazararsu a kan takarda tana canzawa, don haka na bar shi a 9 na daina taɓawa.

Lambobin da ke jikin zoben AO ba su zo daidai da tef ɗina ba sosai, haka yawancinsu suke, ido ne alƙali. Na naɗa farin tef a zoben na sa alamata da biro a 10, 25 da 40.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwangwanin ƙwaya ɗaya ya ƙare, na shiga na biyu. Fentin da na ɗiga bai tsage ba, robar gorar tana nan, na sake gwajin murabba'i ya dawo inda ya tashi. Noti ɗaya na katakon bindigar ne ya ɗan saki, ramukan suka fara tsawo sama da ƙasa, na ɗaure suka koma, yanzu duk Asabar sai na bi notocin da alanki kafin in fara.

Lissafi: madubi 110, mariƙi 28, robar hura iska da tsumma dubu 2, ɗan kawu 10. Dubu 150 cif, ban sa kuɗin mota ba don dama ina da sabgar Kano. Abin da ya rage shi ne mariƙi mai gangare in cire robar nan, da kuma inda zan samu ƙwaya mai kyau ba tare da na jira mai zuwa daga waje ba, wanda ya san dila mai lasisi a Kano ko Dutse ya yi min magana. Azumi saura mako guda, zafi kuma ya fara, da rana hoton mita 40 har rawa yake saboda turirin ƙasa. Zan rufe filin sai bayan sallah, lokacin zan gwada mita 50 in ga ko ninki 9 zai kai ni.